Su wa aka tambaya kafin a ce "bincike ya nuna"?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na je walimar 'yar ƙanwata. Bayan an ci an sha, aka miƙa wa wata malama lasifika ta yi wa amarya nasiha. Ta yi magana mai ma'ana, ban ƙi ba, har ta zo inda ta ce amarya ta riƙa kama bakinta a gidan miji, domin wai bincike ya nuna mace tana furta kalma 20,000 a yini, namiji kuwa 7,000 kacal. Aka kwashe da dariya, wasu har da tafawa. Ni kuwa ina zaune da kofin zoɓo a hannu, dariyar ta ƙi zuwa. Wannan lissafi na san inda ya samo asali, kuma zan zo kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kalmomin nan uku, "bincike ya nuna", suke ɗaure bakin kowa. Da zarar an furta su, a rediyo ne ko a WhatsApp ko a shafin jarida, ba ka jin wanda zai ce: to, su wa aka tambaya? Ban ga laifin malamar walima ba, tunda ni da nake cin abinci da wannan fanni na shafe shekara goma sha ɗaya ban yi wannan tambayar ba.

Aikina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ne a wata kwalejin horar da malamai. Duk wanda ya yi NCE ya san sunayen da muke jera wa ɗalibai tun shekarar farko: Freud, Piaget, Erikson, Kohlberg. Su haddace kamar karatun allo, su juye a takardar jarrabawa, su wuce. Darasin da na fi jin daɗin koyarwa shi ne na Lawrence Kohlberg, Ba'amurken da ya ce tunanin mutum wajen rarrabe daidai da rashin daidai hawa yake yi mataki-mataki, har shida. A ƙasa akwai yaron da ke gudun laifi don tsoron bulala. A mataki na uku akwai mai son a ce masa mutumin kirki, mai duba zumunci da yadda na kusa da shi za su ji. Na huɗu mai bin doka da oda ne. Can sama kuma sai wanda ke auna komai da ma'aunin adalci tsantsa, ko da dokar gari ta ce akasin haka.

Da wani ɗan labari Kohlberg yake gane matakin mutum. Wata mata ce ciwon daji ya kusa kai ta kushewa. Akwai magani ɗaya tak da zai iya cetonta, a hannun wani mai haɗa magunguna a garin. Shi dala 200 ya kashe, amma ya sa masa kuɗi dala 2,000. Mijinta, mai suna Heinz, ya bi duk wanda ya sani yana rance, da ƙyar ya haɗa 1,000. Ya roƙi a rage masa ko a bi shi bashin sauran, mai maganin ya ce allambaran. Heinz ya fasa shagon ya ɗauke maganin. Tambayar ita ce: ya kamata ya yi hakan? Kuma me ya sa?

Ba zan manta da wata rana a shekarar 2009 ba. Lokacin bazara ne, ba wuta, fankoki a tsaye, ɗalibai sun haura ɗari biyu a ɗakin lacca, kowa na fifita da littafinsa. Na ba da labarin Heinz. Wani saurayi a layin gaba ya miƙe ya ce rai ya fi dukiya, kuma ko a shari'a larura tana halatta abin da aka hana, saboda haka Heinz ya yi daidai. Aka yi masa tafi. Sai wata matar aure da ke zama kusa da ƙofa kullum, don ta samu fita in goyonta ya fara rigima, ta ɗaga hannu. Ta ce: "Malama, shi wannan Heinz ɗin daga sama ya faɗo? Matar ba ta da iyaye ne? Ai a garinmu liman za a samu ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, ko a je wa mai unguwa ya taka da ƙafarsa har kemis ɗin. Kuma in ya yi satar aka kai shi gidan yari, wa zai zauna jinyarta? In maganin ya ƙare wa zai sake nemowa?"

Na ce: "'Yar nan, ba ki amsa tambayata ba. Ya sata ko kada ya sata?"

Ta gyara goyonta ta ce: "Malama, ai tambayar ce ba ta cika ba."

Aji ya ɗauki dariya. Na juya ga allo na rubuta amsar saurayin a gaban mataki na biyar, na rubuta tata a gaban mataki na uku, na ce wa ɗalibai su kwafa, ga misali nan a fili. Da na ba da aikin gida a kan labarin, ta sake rubuto abin da ta faɗa, na ba ta maki huɗu cikin goma da jan biro, na rubuta a gefe cewa ta kauce wa tambaya.

Sai a 2014, da na koma ƙarin karatu, malamin da ke duba aikina ya hana ni dogaro da taƙaitattun takardun da muke rabawa ɗalibai, ya ce in je in karanta abin da mutanen nan suka rubuta da kansu. A nan na ci karo da abin da ya sa na ajiye takarda na yi tagumi. Matakan nan shida da nake koyarwa a matsayin hanyar da tunanin kowane ɗan Adam ke bi, Kohlberg ya gina su ne a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Shikago a 1958, daga hirar da ya yi da yara 72 masu shekara 10 da 13 da 16. Duka maza. Babu yarinya ko ɗaya. Ya ci gaba da bibiyar wasunsu kusan shekara ashirin, har suka zama magidanta. Wato an yanka riga a jikin samarin wajejen Shikago, aka ce ta kowa ce, sannan aka zo aka zura wa ɗalibata mai goyo, da ba ta zauna mata ba na ce jikinta ne ya karkace.

Wadda ta fi shahara wajen ɗaga murya a kan wannan ita ce Carol Gilligan, wadda ta yi aiki tare da Kohlberg ɗin a Jami'ar Harvard. A littafinta na 1982 ta kawo hirar da aka yi da yara biyu 'yan shekara goma sha ɗaya, namiji da mace, a kan labarin Heinz. Yaron ya ɗauki abin tamkar lissafi: rai ya fi kuɗi, a sata. Yarinyar ta ce in ya sata za a iya ɗaure shi, ciwon matar ya tashi, ba mai nemo mata wani maganin, gara su zauna su yi magana a nemo hanyar samun kuɗin. A ma'aunin Kohlberg yarinyar ta faɗo ƙasa da yaron da mataki guda. Malam Edita, da na karanta wannan wurin sai da tsigar jikina ta tashi. Yarinyar Amurka da matar aure daga ƙauyen ƙasar Hausa, ba su taɓa jin labarin juna ba, sun hango rami ɗaya a cikin tambayar, kuma duka biyun an rage musu maki.

Da na ci gaba da tonawa sai na ga ashe ruwan ya sha kai. Gwajin nan na Stanley Milgram a Jami'ar Yale, wanda aka buga a 1963, inda aka ga mutane suna bin umarni suna danna abin da suka zaci wutar lantarki ce ga wani bawan Allah, maza 40 ne. Gidan yarin wasa da Philip Zimbardo ya kafa a Jami'ar Stanford a 1971, samari 24 ya zaɓa. Duk waɗannan muna koyar da su da sunan "halin mutane".

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne batun firgici. Tun zamanin Walter Cannon, wani masanin yadda jiki ke aiki, farkon ƙarnin da ya wuce, littattafai ke cewa idan mutum ya shiga haɗari abu biyu jikinsa ke shirya masa: ko ya tsaya ya yi faɗa, ko ya ranta a na kare. A shekarar 2000 Shelley Taylor da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka duba suka ga cewa kafin 1995, mata kusan kashi 17 cikin ɗari ne kawai na mutanen da aka gwada a binciken yadda jiki ke amsa tashin hankali. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai jinin al'ada yana sa sinadaran jikin mace hawa da sauka, zai dagula lissafi. To ka ji. An cire rabin al'umma don lissafi ya fita tsaf. Su Taylor suka kawo shawarar cewa akwai hanya ta uku da aka fi gani ga mata: tattara 'ya'ya a kare su, da neman 'yan uwa a haɗa ƙarfi. Ni dai ban buƙaci jami'a ta gaya mini wannan ba. Duk wanda ya taɓa ganin kaza lokacin da shirwa ta kawo farmaki ya san ba gudu take fara yi ba. Kuma duk wanda ya taɓa kasancewa cikin gida ranar da aka ce gari ya rikice ya ga abin da uwa ke fara yi: ƙirga kawunan yara, sannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya.

Akwai wani binciken na 1970 da Inge Broverman da abokan aikinta suka yi, wanda har yau in na tuna shi sai in girgiza kai. Sun ba ƙwararru 79 masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa jerin halaye. Wasu aka ce su zaɓi siffofin namiji mai cikakkiyar lafiyar hankali, wasu na mace, wasu kuma na "baligin mutum" ba tare da an faɗi jinsi ba. Siffar baligin mutum ta fito kusan daidai da ta namiji. Mace mai lafiya kuwa aka ce ita ce mai saurin miƙa wuya, mai rauni wajen tsayawa da ƙafarta, mai saurin ruɗewa a kan ƙaramin abu. Gaba kura, baya sayaki ke nan: in ta zama cikakkiyar mace ba ta cika mutum ba, in ta cika mutum an ce ta fita daga sahun mata. Kuma kada a ce maza ne kawai suka yi wannan hukunci, cikin ƙwararrun akwai mata 33, amsarsu ba ta bambanta da ta mazan ba. Ni ma ai mace ce ranar da na ɗauki jan biro.

Sai dai a nan zan taka burki, don kada 'yan uwana mata su ɗauka na zo in ce mu masu tausayi ne, maza masu lissafi. Na ɗan yi shekara biyu ina koyar da Gilligan da zafin sabon tuba, kafin in gane ita ma tata rigar ba ta kowa ba ce. Ɗaya daga manyan ginshiƙan littafinta hira ce da mata 29 kacal. Lawrence Walker ya tattara binciken da aka yi da ma'aunin Kohlberg ya buga a 1984, ya ga in aka daidaita ilimi da irin aikin da mutum ke yi, da wuya a ga wani rata tsakanin maza da mata. A 2005 kuma Janet Hyde ta haɗa manyan nazarce-nazarce 46, waɗanda kowannensu taron bincike ne masu yawa, ta ga kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da ake yayatawa ko dai ƙanana ne ko kusan babu su. Akwai inda ratar ke da girma, kamar nisan jifa, ba ta ɓoye ba. Amma a lissafi da iya magana da yawancin halaye, abin da ya raba Audu da Tanko ya fi abin da ya raba maza da mata yawa.

Ashe son kan fuska biyu gare shi. Wani lokaci a manta da mace gaba ɗaya a ce an auna "mutum". Wani lokaci kuma a tuna da ita, amma a hura ɗan bambancin da aka gani har ya zama tsauni, domin wanda ya ce "na gano bambanci" shi ake bugawa a mujalla, shi ake kira a rediyo. Wanda ya ce "na duba ban ga komai ba" takardarsa a durowa take kwana.

Nan ne gidan kalma 20,000 ɗin malamar walima. Lissafin ya bazu ne bayan wani littafi da ya fito a Amurka a 2006, kuma da masana harshe suka bi sawu suka nemi binciken da aka dogara da shi, ba a same shi ba. A 2007 Matthias Mehl da abokan aikinsa suka buga nasu a mujallar Science. Sun rataya wa ɗaliban jami'a 396 a Amurka da Meziko wata 'yar na'ura mai ɗaukar sauti lokaci-lokaci, suka ƙirga. Mata kusan kalma 16,200 a yini, maza kusan 15,700. Wanda ya fi kowa zuba a cikinsu, mai kalma wajen 47,000, namiji ne. An sake yin aikin da mutane sama da 2,000 aka buga a 2025, aka ga tsakanin shekara 25 zuwa 64 mata sun ɗara da kalma wajen 3,000. Ɗarawa ce, na yarda, amma ina ninki uku? Wanda kuma ke shakka ya zo ya zauna kusa da majalisar mai shayin unguwarmu daga Isha'i zuwa sha biyun dare.

Yanzu bari in dawo gida, don kada a ce na tafi Shikago na bar tabarmar kunya a ƙofar ɗakina. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun wannan fanni ya ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada daga ƙasashen Turawa masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. In an bar Ba'amurkiya a baya sau ɗaya, Bahaushiya sau biyu aka bar ta. Kuma mu da ya kamata mu cike gurbin, me muke yi?

Shekara uku da suka wuce wani ɗalibina ya kawo mini kundinsa na kammala karatu, a kan damuwa tsakanin ma'aurata. Ya raba takardun tambayoyi ɗari, hamsin maza hamsin mata, ya yi jadawali mai kyau, ya kammala da cewa matan yankin ba su da damuwa kamar mazansu. Na ce ya kawo mini takardun in gani. Ya kawo su a leda. Ina buɗewa na ga takardar miji da ta mata, biro ɗaya, hannu ɗaya, har yadda ake karkata alamar "a'a" iri ɗaya. Gida bayan gida haka. Na ce: "Kai, wa ya cike na matan?" Ya sosa ƙeya ya ce: "Hajiya, ai gidajen ba a shiga. A zaure nake ba maigida guda biyu, in dawo washegari in karɓa." Tambaya ta bakwai a takardar tana cewa, da Turanci, ko mijinki yana sauraron ki in kina da damuwa. Duka hamsin sun ce e.

Yaron ba maƙaryaci ba ne, kuma bai yi don mugunta ba. Tarbiyya ce ta hana shi ƙetare zaure, kuma ta yi daidai. Laifin namu ne da muka sa hannu a kan shirin aikin ba mu tambaye shi yadda zai kai ga matan ba. Alhali maganin abin tsoho ne a ƙasar nan. Lokacin da M. G. Smith ke bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, shi ma zaure ya tsaya. Matarsa Mary ce ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, makonni tana rubuta abin da take faɗa da Hausa, har ya zama littafin da aka buga a 1954, wanda har gobe in ana son sanin yadda matan Hausa suka rayu a wancan zamani, aure da kishi da goyo da ƙawance, shi ake buɗewa. Shekara saba'in da wani abu ke nan. Mu kuwa ajinmu cike da ɗalibai mata da za su shiga kowane gida da sallama kawai, amma ba mu taɓa tunanin haɗa su aiki da mazan ba.

Ko an shiga gidan ma, da sauran rina a kaba. Takardar da aka fassaro daga Turanci tana tambayar mai jego ko tana jin "baƙin ciki". Wace mai jego ce za ta ce e a gaban uwar mijinta, Allah Ya ba ta haihuwa lafiya? Abin da za ta ce shi ne kanta na yi mata nauyi, barci ba ya zuwa, ƙirjinta kamar an ɗora dutse. Mai auna shaƙuwar uwa da ɗa da ma'aunin waje, in ya ga Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, zai rubuta cewa ba ta damu da shi ba, don ba a gaya masa mece ce kunyar ɗan fari ba. Mazan ma ba su tsira ba: takardar da ke neman damuwa ta hanyar tambayar "kana yawan kuka?" ba za ta taɓa kama magidancin da aka raina da cewa namiji ba ya kuka ba, wanda tasa damuwar ke fita ta faɗa da iyali da zaman waje har tsakar dare.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ƙarami ne. Duk ranar da wani ya kawo maka rubutu mai ɗauke da "bincike ya nuna mata kaza, maza kaza", ka sa a tambaye shi mutum nawa aka gwada, a wace ƙasa, mata nawa ne a ciki, kuma ratar da aka gani ta kai girman yadda ya faɗa. In ya kasa amsawa, a cire layin. Abokan aikina masu duba kundin ɗalibai kuma, mu riƙa cewa a kawo mana ledar takardun.

Har yanzu ina koyar da Kohlberg, yana cikin manhaja, kuma akwai abin koyo a wurinsa. Sai dai kafin in rubuta matakan, nakan fara rubuta "yara maza 72, Shikago, 1958" a saman allo, in ja layi a ƙarƙashi.

Ita kuwa ɗalibata mai goyo, mun haɗu bara a gidan wata ta'aziyya. Ita ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce yanzu ita ce shugabar wata firamare, goyon nan kuma yana shirin rubuta JAMB. Na kama hannunta na ce: "'Yar nan, kina bi na bashin maki shida." Na tuna mata da ranar, da abin da na rubuta a allo. Ta yi shiru tana lalube a ranta, sannan ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce wallahi ita ta manta da wani maki. Har na miƙe zan tafi sai ta ce: "Malama, wai don Allah, matar nan ta warke kuwa?"

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Wata malamar kwalejin horar da malamai,
daga Jihar Kano.